Darasin Wannan Wata: Motar da Ta Daɗe a Ajiye Ta Ƙi Tashi, Daga Ina Za Mu Fara?

Darasin wannan wata na direbobi ne, da ma'aikatan kilinik, da 'yan kwamitin da ke lura da kayan ikkilisiya. Muna roƙo a karanta shi a gindin motar, da direba a tsaye, da bonet a buɗe.

A daminar bara ruwa ya cinye kwalbati a hanyar ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke aiki. Sai aka shigar da motar kilinik ƙarƙashin rumfa a watan Yuli, aka ja hambirki, aka rataye makulli a ofis. An gyara hanya a watan Oktoba, amma ba wanda ya tuna ya leƙa motar. Wani dare haihuwa ta zo wa wata 'yar'uwa da gardama, ungozoma ta ce sai babban asibiti. Direba ya murɗa makulli, mota ta ce ƙas-ƙas-ƙas, ta yi shiru. Matasa suka taru su tura, sai ga tayoyin baya sun ƙi juyawa, gama birki ya manne. A ƙarshe a kan babur aka ɗauki matar, wani yana tuƙi, wata tana riƙe da ita ta baya. Allah ya yi jinƙai, ita da jaririnta suna nan lafiya. Amma dukanmu mun san yadda abin zai iya ƙarewa.

Kashegari kwamiti ya zauna. Wani ya ce a sayi sabon batir, wani ya ce kik ne ya ƙone, bakaniken da aka kira ya ce sai an sauke kik ɗin an kai gari. Da aka bincika a natse, abin da ya hana motar tashi bai wuce batir da ya sauka ba, da kan batir da ya yi farin gari. Caji na kwana ɗaya da gogewa suka tashe ta.

Ba wannan kilinik kaɗai ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ikkilisiyoyi da yawa sun jingine motocinsu, sai babbar bukata ta taso ake nemansu. Ranar bukatar kuwa ita ce ranar da ba lokacin gyara.

Abin da muke so mu koya ɗaya ne: mota takan faɗi ciwonta da kanta a lokacin da aka murɗa makulli. Idan mun saurara, mun bi bincike daga abu mai arha zuwa mai tsada, ba za mu kashe kuɗin baiko a kan kayan da ba su lalace ba.

Kafin a taɓa makulli

A buɗe bonet, a ɗan bubbuga ƙarfen da sanda kafin a sa hannu, gama maciji yana son wurin da ɓera yake. A duba ko akwai kashin ɓera, ko tsummoki da ciyawa da aka tara a lungu, ko wayar da aka gwaigwaye. Motocinmu na agaji sun fi kowace mota jawo ɓera, domin muna ɗaukar masara da wake da shinkafa, kuma kullum sai wani abu ya zube a baya. Ɓera ya ci hatsi a baya, ya zo ya kwana a inji, ya wasa haƙoransa a jikin waya. Wurin da ya fi so shi ne akwatin matatar iska. A buɗe shi a gani. A leƙa bakin salansa kuma, domin zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a ciki.

Sa'an nan a zaro sandar awon baƙin mai, a share, a mayar, a sake zarowa. A duba ruwan lagireto, a duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Idan baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa. Idan kuma an san ambaliya ta taɓa kai wa injin, kada a murɗa makulli ko sau ɗaya. Fistin yana iya matse iska, amma ba ya iya matse ruwa, kuma murɗawa ɗaya ta isa ta lanƙwasa ƙarfen da ke cikin inji. Wannan aikin bakanike ne tun daga farko.

Yanzu a murɗa, a saurara

A kashe rediyo da fanka, mutane su yi shiru. Amsar da mota za ta bayar ba ta wuce iri biyu ba. Ko dai injin bai juya ba, ko yana juyawa da ƙyar kamar mai ciwon baya. Ko kuwa yana juyawa da sauri yadda ya saba, amma bai kama ba. Na farko maganar wuta ce: batir, da wayoyinsa, da kik. Na biyu ya nuna batir da kik sun yi aikinsu, sai a koma wajen mai da tartsatsi da iska. Wanda ya rarrabe waɗannan biyu ya yi rabin aikin. Mun sha ganin an sayi sabon batir domin motar da injinta ke juyawa lafiya lau, alhali tankinta ne ya bushe.

Kada a riƙe makulli a murɗe fiye da daƙiƙa 10. A saki, a ba kik rabin minti ko minti ɗaya ya huce. Kik da yawa da ake cewa sun ƙone, a hannun mai naci suka ƙone.

Batir

A nan za mu daɗe, domin a motar da aka ajiye, shi ne wanda ake fara tuhuma.

Batir yana zubar da wutarsa ko ba a haɗa shi da kome ba, kuma zafi yana ƙara masa saurin zubarwa. Batirin da ya kwana a rumfar kwano a watan Maris da Afrilu ya fi na lokacin hunturu saurin sauka. Ban da wannan, ko an zare makulli, agogo da rediyo da ƙwaƙwalwar mota suna ta tsotsar wuta kaɗan kaɗan. A mota mai lafiya tsotsar ba ta cika wuce kashi 1 cikin 20 na amfa ɗaya ba. Abin kamar ba kome, amma mu yi lissafi. A awa 24 ya zama 1.2, a kwana 30 ya zama 36. Batirin da aka rubuta 70 ko 75 a jikinsa ya rasa kusan rabin abin da ke cikinsa ke nan a wata guda. Motar kilinik ɗin nan wata uku ta yi.

Ko ba mu da kayan awo, akwai gwajin fitila. A kunna manyan fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallo, direba ya murɗa makulli. Idan fitilu sun dushe ƙwarai ko sun mutu, kuma ana jin ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wuta ba ta isa ba: batir ya sauka, ko kan batir bai kama da kyau ba. Idan fitilu sun tsaya da haskensu amma injin bai motsa ba, to, batir yana da wuta, wutar ce ba ta kai ga kik ba, ko kik ɗin ne da kansa.

Amma muna ba kowane kwamiti shawara ya sayi ƙaramar mitar awon wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da masu sola ke amfani da ita. Kuɗinta bai kai ko kusa da na batir ba. A sa jan tsinke a kan alamar +, baƙi a kan alamar −, mota tana kashe. Bolt 12.6 batir a cike yake. Bolt 12.4 ya ɗan sauka, amma zai yi aiki. Bolt 12.2 saura kamar rabi. Daga 12.0 zuwa ƙasa batir ya kusa ƙarewa. Ku lura da ƙanƙantar tazarar: tsakanin cikakke da wanda ya kusa mutuwa bai kai bolt ɗaya ba. Saboda haka idan wani ya ce muku, “Ai yana nuna 12, lafiyarsa ƙalau,” bai faɗi daidai ba.

Kafin a yanke wa batir hukunci, a kama kowane kai a girgiza da hannu. Idan ya juya, ya yi sako-sako. Idan akwai farin gari ko kore-kore a jikinsa, wannan garin yana tare wuta kamar yadda laka ke tare bututu. A kwance na − tukuna, sa'an nan na +. A wanke da ruwan zafi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, gama kanwa tana kashe kaifin asid, amma kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. A goge da burushin ƙarfe ko samfefa har dalmar ta yi haske, a ɗaure na + tukuna, sa'an nan na −, a shafa ɗan giris ko basilin a kai. A bi baƙar wayar kuma har inda aka ɗaure ta a jikin mota ko inji, domin tsatsa takan ɓuya a can inda ido ba ya zuwa.

Idan batirin mai murafu ne, a buɗe a duba ko ruwa ya rufe farantan ciki. Idan ya ragu, tataccen ruwan da masu cajin batir ke sayarwa za a ƙara. Ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma ƙarin asid ba. Ruwa ne ya ƙafe, asid yana nan.

Akwai abin da ya kamata kwamiti ya sani kafin ya yi faɗa da mai caji. Batirin da ya zauna a sauke wata da watanni, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, kuma idan ya daɗe ba ya narkewa duka. Irin wannan batir zai karɓi caji, mita ta nuna 12.6, amma da an murɗa makulli sai ya durƙushe. Gwajinsa shi ne a bar mita a jikinsa lokacin da ake murɗawa. Idan cikakken batir ya faɗi ƙasa da bolt 9.6, kwanansa ya ƙare. A lokacin ne za a yi maganar sabo.

Game da aron wuta daga wata mota, ga yadda ake haɗa wayoyin: ja a + na batirin da ya mutu, ɗaya bakin jan a + na mai rai, baƙi a − na mai rai, bakin ƙarshe kuma a wani ƙarfe na injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batir. Dalilin nisan shi ne batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, kuma bakin ƙarshe ne yake yin tartsatsi. Saboda wannan iskar ce kuma muke hana ɗabi'ar ɗora sifana a kan kawunan batir biyu domin a ga ko zai yi wuta. Batir yakan fashe, asid kuwa ba ya tausayin ido.

Wata ɗabi'ar da muka saba gani a gareji da tasha ita ce a ɗauko batirin wata mota, a tayar da inji, sa'an nan a cire shi inji yana aiki a mayar da tsohon. Tsofaffin motoci sun sha jure wannan, shi ya sa mutane suka ɗauka ba laifi. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, wutar da ke tashi a lokacin cirewar tana iya ƙona altanato ko ƙwaƙwalwar kanta, kuɗin ɗayansu kuwa ya isa a yi kuka. Kada ku yarda a yi wa motar ikkilisiya haka. Turawa kuma ta motar da ke da kuloci ce kawai. Mai canja giya da kanta ba a tayar da ita da turi.

Fitilu da haske, inji bai motsa ba

Idan an ji ƙas guda ɗaya mai ƙarfi, sai shiru, mai yiwuwa kik ne ya maƙale saboda zama. Direba ya fitar da giya, ya murɗa, wani ya ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da katako, yana kiyaye hannunsa da rigarsa daga fambel. Idan ta tashi, an sami hanyar zuwa gari ne kawai, kik ɗin yana neman gyara. Idan ba ko ƙas, a tabbata giyar mota mai canja giya da kanta tana kan P, a gwada N kuma. Waɗansu motoci sai an taka kuloci har ƙasa. Bayan haka a duba fis, a sake neman aikin ɓera.

Inji yana juyawa, bai kama ba

A fara da tambayar da ake jin kunyar yi: akwai mai a tanki? Ba muna zargin kowa ba ne, amma janareton ikkilisiya ma fetur yake sha, kuma mota a ajiye takan zama rijiyar da ake ɗiba da niyyar mayarwa. Allurar geji ma takan maƙale. A zuba sabon mai galan ɗaya a gani.

A motar fetur mai injekta, a murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, kada a kai ga tayarwa, wani ya kasa kunne kusa da tanki. Ya kamata a ji famfon mai ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa 2 ko 3. Idan shiru ne, a duba fis ɗin famfon kafin a ce famfo ya mutu. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, waɗanda har yanzu akwai su a hannun ikkilisiyoyinmu, fetur ɗin da ke cikin kafireto yakan bushe, sai an yi ta murɗawa kaɗan kaɗan kafin famfo ya sake jawo mai daga tanki. Haƙuri ake bukata a nan, da batir mai ƙarfi.

Fetur yana tsufa. Bayan wata 3 zuwa 6, musamman da zafi, sashensa mai saurin kamawa yakan tashi a iska, sauran ya yi duhu, ya yi wari kamar fenti, ya bar danƙo a ƙananan ramukan kafireto ko injekta. Idan ɗan kaɗan ne a tanki, a cika da sabo ya rinjaye shi. Idan da yawa ne kuma ya yi warin nan, a zuƙe shi da famfon hannu. Kada kowa ya zuƙa da baki, gama fetur kaɗan da ya shiga huhu ya isa ya kwantar da mutum a asibiti. Haka kuma zuba fetur a bakin kafireto ana murɗawa: wuta takan dawo ta baya ta lashe fuskar mai zubawa.

Motar gas, kamar yawancin Land Cruiser da tsofaffin Hilux na aikin karkara, ba ta da fulogi, nata ciwon daban ne. Idan ta daɗe, man yakan koma tanki, iska ta shiga bututu. A kan matatar mai akwai ɗan famfo da ake dannawa da hannu. A yi ta dannawa har ya yi tauri, sa'an nan a gwada. A ƙasan matatar kuma akwai wurin kwancewa domin a zubar da ruwan da ya taru. A jira fitilar hita ta mutu kafin a tayar, balle a Filato da sanyin Disamba da Janairu. Masu fesa maganin sauro a bakin matatar iska domin inji ya kama suna wasa da inji ne da kuma wuta.

Maganar tartsatsi ba ta da yawa. A cire fulogi ɗaya a duba. Idan ya jiƙe da fetur, mai ya yi wa inji yawa saboda yawan murɗawa. A taka totur har ƙasa, a riƙe, a murɗa. A tsohuwar mota a buɗe hular distiributa a share raɓa da busasshen ƙyalle, domin damina takan bar laima a ciki. A sabuwar mota kuma a lura da 'yar fitila mai hoton makulli. Idan tana ta ƙiftawa, motar ba ta gane makullin ba. Makullin da aka yanka a kasuwa yana iya buɗe ƙofa, har ya juya inji, amma motar ba za ta kama ba, gama ba shi da ɗan abin da ke cikin kan makulli na asali.

Idan an bi duk wannan ba ta tashi ba, a tsaya haka, a kira bakanike ko mai wayarin. Amma yanzu ba za ku ce masa “ta ƙi tashi” kawai ba. Za ku ce, “Injin yana juyawa da sauri, batir 12.5, mun zuba sabon mai, ba mu ji famfo ba.” Zai zo da kayan da suka dace, kuma zai san yana magana da mutanen da suka duba.

Idan ta tashi

A fitar da ita fili, ko a buɗe ƙofofin gareji duka. Hayaƙin mota irin na janareto ne, mun kuma san iyalan da ya kashe cikin barci. Fitilar baƙin mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Idan ba ta mutu ba, a kashe inji nan take. A sa mita a batir inji yana aiki: tsakanin bolt 13.8 da 14.4 altanato yana caji. A duba iskar tayoyi har da safaya, a taka birki a gwada shi a tsakar gida kafin a hau titi. Batirin da ya sauka ƙwarai kuma, tafiya ba za ta cika shi ba. A kai wa mai caji ya kwana a kan caji mai sanyi.

Idan za a sake ajiyewa

Abin da ake kira ɗumama mota, wato a tayar minti biyar a kashe, bai cika mayar da wutar da kik ya ci ba, sai ma ya tara ruwa a salansa. Gara a fita da ita kowane mako biyu, a yi tafiyar rabin awa. Idan hanya ta yanke ba inda za a je, a kwance wayar − ta batir, a kawar da ita gefe. Sifana mai lamba 10 ce take kwance yawancinsu. A saki hambirki, a bar ta cikin giya, a sa duwatsu a gaba da bayan taya. A share hatsin da ya zube tas. A cika tankin motar gas, domin tanki rabi yana tara raɓa a ciki.

Aikin da muke ba kowane kwamiti kafin taro na gaba shi ne wannan. A zaɓi mutum ɗaya, a rubuta sunansa a littafin taro, wanda motar take wuyansa ko direba ba ya nan. A sa ƙaramin littafi a cikin motar. Kowace Asabar ta biyu ya rubuta kwanan wata, da abin da mita ta nuna, da ko motar ta fita. Ungozoma ko mai kula da kilinik ya san inda makulli yake kwana, da inda sifana take. Ku aiko mana da awon farko tare da rahoton wata, har da na motocin da kuke ganin lafiyarsu ƙalau.